Kafin filasta ta rufe komai: yadda ake ɗora bangon sabon gida

Na fi shekara 20 ina riƙe da cokalin gini, kuma har yau abin da ya fi damuna shi ne masu gida sukan zo wurin aiki a ranar da ba a cika buƙatarsu ba. Ran da ake fenti za ka gan su da iyalansu ana zaɓen launi. Ran da za a ɗora sahun bulo na farko kuwa, daga magini sai leburorinsa. Alhali a ranar ake yanke wa bango hukunci, ya tsaya ko ya karkace. Da zarar an yi filasta, bangon kirki da na banza kamarsu ɗaya, sai bayan damina biyu ko uku asiri ya tonu. Saboda haka idan kana shirin gina gidanka, ga abin da nake so ka sani, ko da kai ba za ka taɓa riƙe cokali ba, don ka san abin da idonka zai duba.

Mu fara da bulon kansa. Galibi iri biyu ake ginin gida da su, bulon siminti da jan bulo wanda ake yi da yumɓu a gasa a wuta. Bulon siminti da muka saba da shi tsawonsa milimita 450, tsayinsa 225, faɗinsa kuma ko 225, wato mai inci 9, ko 150, mai inci 6. Mai inci 9 shi ne na bangon waje da duk bangon da zai ɗauki nauyi, mai inci 6 na raba ɗakuna. Kusan guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. Jan bulo ƙarami ne, ma'aunin da ake bi a Birtaniya shi ne tsawo milimita 215, faɗi 102.5, tsayi 65, kuma guda 60 ke cika murabba'in mita idan kaurin bangon faɗin bulo ɗaya ne. Duk lissafin da ka yi, ka ƙara 5 cikin 100 saboda fashewa da yanka.

Kada ka karɓi bulo daga kan mota ba ka gwada ba. Ɗauki bulon siminti ka murza gefensa da babban yatsa. Idan yashi ya zubo kamar gari, an yi masa rowar siminti ko ba a shayar da shi ruwa ba. Ɗaga shi zuwa ƙugunka ka sake shi a kan ƙasa mai tauri. Mai kyau zai iya ɓantarewa a kusurwa, amma ba zai tarwatse ba. Jan bulo kuwa guda biyu za ka ɗauka ka gwara su. Wanda ya gasu sosai ƙara yake yi tangaran kamar ƙarfe, wanda bai ji wuta ba sai ka ji dum. Ka kuma tambayi ranar da aka buga bulon siminti. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfin da ake lissafa masa, kuma a wannan tsakanin bulon yana ɗan tsukewa. Idan ka yi gini da ɗanyen bulo, a jikin bangonka zai ƙarasa tsukewar, sai ka ga siririyar tsaga tana bin layin kwaɓi kamar matakala. Araha ba ta ado, a wajen bulo dai na shaida.

Yashi ma yana da gwajinsa, kuma ba ya cin komai. Sami kwalba mai haske, zuba yashi zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta 'yan awoyi. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan lakar siririya ce kamar zare, babu laifi. Idan ta yi kauri har ka ga ta kusa kai kashi 1 cikin 10 na tsayin yashin, a wanke shi ko a canza, domin laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Ruwan kwaɓi kuma ya zama wanda za ka iya sha. Ruwa mai gishiri yana cin rodi, yana kuma fito da farin gari a fuskar bango.

Yanzu mu zo kan harsashi. Zurfinsa da faɗinsa aikin injiniya ne, shi ya san irin ƙasar da nauyin da za a ɗora, kuma ban yarda magini ya yi gaban kansa a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne bayan an zuba kankaren harsashi ya sha iska, sai a ja igiya a fitar da layin bango a kansa. Kusurwa ita ce komai. Hanyar da muke bi tsohuwa ce ƙwarai: daga kusurwa ka auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya ka yi alama, ka auna ƙafa 4 a kan ɗayar ka yi alama, tsakanin alamomin biyu dole ya ba ka ƙafa 5 cif. In bai ba ka ba, ka matsa igiya har sai ya bayar. Idan ɗakin babba ne ka ninka, 6 da 8 da 10. Bayan an gama kusurwa huɗu, a ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, sannan a ja ɗaya ɓangaren. Awon biyu su zo daidai. Mai gida, ka riƙe bakin tef ɗin da hannunka ranar nan. Ɗakin da bai yi daidai ba a wannan mataki, mai tayil zai sha wahalarsa, kafinta mai rufi zai sha, kai ma za ka riƙa ganin layin tayil yana gudu daga jikin bango muddin kana cikin gidan.

Bulon da ke cikin ƙasa, daga harsashi zuwa daɓe, ni nakan cike ramukansa da kankare, kuma kwaɓinsa nakan ƙara masa siminti, awo 1 na siminti ga 4 na yashi. Sannan sai abin da mutane da yawa suke tsallakewa don ba a ganinsa, wato shimfiɗar hana danshi. Bulo yana shan ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Domin a tare shi, ana shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan bango, aƙalla milimita 150 sama da ƙasar waje, a faɗin bangon gaba ɗaya, inda aka haɗa biyu kuma a ɗora ɗaya kan ɗaya da kamar milimita 100. An taɓa kirana gyara a wani gida da bai fi shekara 3 ba. Tun daga ƙofar falo na ji warin danshi. Fentin ƙasan bango, daga daɓe zuwa gwiwa, ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, na sa yatsa na danna filasta sai ta zube, bayanta fari fat da gishiri. Matar gidan ta ce sau biyu suna sake fenti. Muka fasa gefe ɗaya muka duba, babu komai tsakanin bulo da ƙasa. Abin da za a yi da nadin leda ɗaya a yini guda, sai da muka yi mako biyu muna yankan bango kaɗan kaɗan muna cusawa. Kuma ko ka sa ledar, kada daga baya a tara ƙasar fulawa a jikin bango har ta haura ta, ruwa zai bi ta kai ya shiga.

Kwaɓin bangon sama, awo 1 na siminti ga 6 na yashi ya isa. Kwano ɗaya za a riƙa aunawa da shi, siminti da yashi duka, ba shebur ba, domin sheburin safe da na la'asar ba nauyinsu ɗaya ba idan hannu ya gaji. A juya su a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a zuba ruwa sannu a hankali. Kwaɓi mai kyau yana zama a kan cokali ba ya tsiyaya, in ka karkata cokalin kuma ya zame gaba ɗaya. Wasu suna ganin yawan siminti shi ne ƙarfi. A'a. Kwaɓin da ya fi bulon tauri, idan bango ya motsa, bulon ne zai tsage maimakon layin kwaɓi, kuma gyaran wannan ya fi wuya. A kwaɓa abin da za a cinye cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya fara daskarewa a zubar. Na san leburori sukan ƙara masa ruwa su farfaɗo da shi, ya yi laushi kamar sabo, amma ƙarfinsa ya riga ya tafi. Wannan siminti da muke amfani da shi, wanda wani magini ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824 da sunan Portland, yana ƙarfi ne saboda haɗuwarsa da ruwa tana haifar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu sarƙewa da juna. Idan sun fara sarƙewa ka wargaza su da shebur, ba sa komawa yadda suke.

Kafin a sa kwaɓi, a jera sahun farko a bushe daga kusurwa zuwa kusurwa, da tazarar kwaɓi a tsakani, don a ga inda yanka zai faɗo da inda ƙofofi za su tsaya. Gara yankakken bulo ya faɗo kusa da ƙofa ko taga da ya faɗo a kusurwa. Daga nan sai a fara da kusurwoyi. A ɗaga kowace kusurwa sahu 3 ko 4, ana janye kowane sahu baya kamar matakala, ana gwada kowane bulo a kwance da kuma a tsaye da ma'aunin ruwa, wato sandar nan mai ɗigon iska a cikin ruwa da ke nuna ko abu ya daidaita. Sai a ɗaure igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan a bakin saman sahu, a ja ta ta yi tsam, a cike tsakiya ana bin ta. Bulo kada ya taɓa igiyar, a bar ɗan haske kamar kaurin takarda, domin in ɗaya ya ture ta, duk na bayansa sun bi shi.

Ina yaro a hannun maigidana, wata rana ya bar ni da kusurwa ɗaya ya tafi duba wani aiki. Ina so in burge shi, na ɗora sahu 7 kafin azahar, da ido kawai nake daidaitawa. Da ya dawo bai ce komai ba. Ya ciro igiyarsa mai dalma a baki, ya kafa a saman bulon ƙarshe ya saki. Dalmar ta yi lilo ta tsaya, tsakaninta da gindin bangon yatsa biyu suka shige. Ya ce, "Yaro, sa hannunka ka ji." Na sa. Ya ce, "In sahu 7 ya ba ka yatsa biyu, sahu 14 fa? Kuma rufi a kansa zai zauna. Sauke." Na ce, "Maigida, ai filasta za ta gyara." Ya dube ni ya ce filasta tana gyara fuska ne, nauyi kuwa yana bin bulo. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya ina kankare kwaɓin da cokali tun bai bushe ba. Tun daga ranar ban sake ɗora sahu 2 a kusurwa ban gwada ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wajen bango kimar ba ta isa ba, sai an auna.

Kaurin kwaɓi tsakanin bulo da bulo ya zama kamar milimita 10, kusan kaurin ƙaramin yatsa. In ka ga magini yana zuba kwaɓi mai kaurin yatsa biyu, ko dai bulon ba girmansu ɗaya ba, ko yana cike kuskuren sahun ƙasa. Sannan ka lura da haɗin tsaye, wanda ke tsakanin bulo da maƙwabcinsa. Nan ake yawan ha'inci, a shafa kwaɓi a baki kawai a bar ciki fayau. Tsaya a cikin ɗaki da rana ka dubi bangon, duk inda haske ya ratso, nan ruwan sama zai ratso.

Babbar ƙa'ida wadda babu sassauci a cikinta ita ce haɗin tsaye na sahun sama kada ya hau kan na sahun ƙasa. Kowane bulo ya zauna a kan biyu, rabi nan rabi can, in an matsu ƙwarai to kada ya gaza kashi 1 cikin 4 na tsawonsa. Wannan sarƙewa ita ke raba nauyi ya bazu cikin bango. A bulon siminti wannan salo ɗaya ya wadatar. A jan bulo kuwa, idan bangon mai kaurin tsawon bulo ne, akwai salo da yawa. Akwai na Ingila, inda sahu ɗaya duka ake jera shi a tsawo, na samansa duka a gicciye kawunansu na kallon waje, shi ne aka fi yarda da ƙarfinsa. Akwai wanda ake kira na Filemish, inda a sahu ɗaya ake sa na tsawo, na gicciye, na tsawo, na gicciye, ya fi kyan gani idan ba za a yi filasta ba. Duka biyun suna buƙatar a tsaga bulo a tsawonsa a sa kusa da kusurwa don haɗi ya goce. Akwai kuma salon da masanin zanen gini Laurie Baker ya yaɗa a jihar Kerala ta Indiya, inda ake tsayar da bulo a kan gefensa a bar rami a tsakiyar bango. Yana rage yawan bulo da kusan kashi 1 cikin 4, kuma iskar da ke ramin tana rage zafin da ke shiga ɗaki. Ina son sa ƙwarai, amma sai da magini mai haƙuri, domin kuskure kaɗan yana bayyana. A ƙasashe masu yawan ruwa da sanyi kuma, kamar Birtaniya, tun wajen shekarun 1920 aka koma yin bango biyu da tazarar aƙalla milimita 50 a tsakani, ana ɗaure su da ƙananan ƙarafa, na waje ya sha ruwa, na ciki ya zauna a bushe.

Wani bambanci da ake yawan rikitawa: jan bulo ana jiƙa shi kafin a ɗora, domin busasshe yana zuƙe ruwan kwaɓi nan take ya bar shi kamar gari. A jiƙa, a bari ruwan fuskarsa ya tsane. In yana da ɗan kwarmi a fuska ɗaya, kwarmin ya kalli sama don kwaɓi ya cika shi. Bulon siminti kuwa ba a tsoma shi a ruwa, domin yana kumbura in ya jiƙe ya tsuke in ya bushe. In rana ta yi zafi sosai, yayyafi kaɗan ya isa.

Kada a yi gaggawar hawa. A yini ɗaya bango kada ya wuce mita 1.2 zuwa 1.5, wato sahu 5 ko 6 na bulon siminti. Kwaɓin ƙasa bai yi ƙarfin ɗaukar fiye da haka ba, zai matse ya fito, iska mai ƙarfi kuma tana iya kayar da ɗanyen bango cikin dare. A ɗaga bangon gidan gaba ɗaya tare, kada gefe ɗaya ya kai linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, ɗayan yana gwiwa, don nauyi ya sauka kan harsashi daidai wa daida. Inda za a tsaya a ci gaba gobe, a bar shi kamar matakala. Inda bangon ciki zai haɗu da na waje kuma a sarƙe su tun ana ɗorawa, ko a binne guntun rodi a cikin kwaɓi duk bayan sahu 2. Bangon da aka jingina kawai, wata rana za ka ga tsaga a lungun daga sama har ƙasa.

Maganar ginshiƙi tana da hanya biyu, kuma zanen injiniya ne zai faɗa maka wadda ake bi. Ko dai a zuba ginshiƙai da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, tukuna su ɗauki nauyi, bulo ya zo daga baya ya cike tsakani, ko a ɗora bango tukuna a bar masa haƙora a baki, sannan a kafa katako a zuba kankaren ginshiƙi ya shiga cikin haƙoran ya riƙe bangon gam. Wannan ta biyun an yi amfani da ita wajen sake gina birnin Mesina na Italiya bayan girgizar ƙasar 1908, kuma ƙasashe irin su Meziko da Cile sun riƙe ta saboda ta nuna juriya. Ga gida mai hawa ɗaya ko biyu, ita na fi so. A saman kowace ƙofa da taga a zuba linta mai rodi, ta hau bango aƙalla milimita 150 kowane gefe. Ni nakan ba da shawara a zagaye gidan gaba ɗaya da ita kamar ɗamara, maimakon a yi guntu guntu, domin ita ke haɗa bangon ya zama abu ɗaya. Doguwar katanga kuma a riƙa raba ta da tsaga ta ganganci, kamar duk mita 6 a bulon siminti, mita 12 a jan bulo, don ta sami wurin motsi idan zafi da sanyi sun ja ta.

Sai ban ruwa. Washegari da safe a fara shayar da bango, safe da yamma, aƙalla kwana 7. Siminti yana buƙatar ruwa ya ci gaba da ƙarfi, in ya bushe da wuri ya tsaya a inda yake. Wannan aikin babu gwaninta a cikinsa, shi ya sa ake raina shi, magini ya tafi wani aiki, leburorin sun watse, bango yana ƙonewa a rana. Ka sa wani takamaimai a kai, ko ka ɗauki tiyo da kanka. In ana tsoron ruwan sama a daren farko kuma a rufe saman bangon da leda don kada ya wanke kwaɓi. Masu aiki su sa safar hannu da takalmin roba, domin ɗanyen siminti yana cin fata, na ga wanda ƙafarsa ta yi gyambo saboda yini ɗaya cikin kwaɓi.

Mai wayar lantarki da mai famfo su zo tun ana ɗora bulo, a bi da bututunsu ta cikin ramukan bulo. In dole sai an sassaƙa bango daga baya, a yi da injin yanka, ba guduma ba. Yankan tsaye kada ya wuce kashi 1 cikin 3 na kaurin bango, na kwance kada ya wuce 1 cikin 6, kuma kada a yanka ciki da waje a wuri ɗaya. Kafin mai filasta ya shigo, ka ɗauki wayarka ka zagaya ɗaki ɗaki ka ɗauki hoton kowane bango, da tef a jikinsa inda bututu ya bi. Ran da za ka buga ƙusa don rataye wani abu, ko ruwa ya fara tsatsa a bayan bangon banɗaki, hoton nan zai nuna maka inda za a fasa da inda ba za a taɓa ba.